Shekarar da Aka Yi wa Nomau Kiɗa a Gonata

Ruwan bana ya sauka da wuri. Kwana goma sha biyu da shuka hatsi ya miƙe, ciyawa ta biyo bayansa, gari ya watse gona tun da sassafe, ko da yake yanzu gonakin kusa da gari kawai ake iya zuwa saboda halin da ake ciki. Jiya da hantsi ina zaune ƙofar gida, tunda gwiwa ta raba ni da hauya, na duba daga gidana har masallaci ban ga namiji ko ɗaya kwance kan tabarma da ƙafa a ɗaure ba. Samarin yanzu gani suke haka damina take tun asali. A lokacinmu, noman farko shi ne lokacin kurkunu, kuma rabin mazan garin nan namu da ke yamma da Turba a kwance yake samunsu.

Wanda bai san kurkunu ba, wata tsutsa ce fara, siririya kamar zaren saƙa, tsawonta ya kan fi hannun mutum. Da fari ƙafa ta yi ƙaiƙayi, sai zazzaɓi, sai bororo ya taso yana zafi kamar an ɗora garwashi. In ya fashe sai ta leƙo da kai. Ba a jan ta da ƙarfi. A ɗan tsinke ake naɗe ta, kullum kaɗan, in ta tsinke a ciki kuwa ƙafa ta kumbura, mutum ya yi wata biyu bai taka ba.

Ni ne mai naɗe ta a garinmu. Sunana Bawa, wanzami ne ni, gadon gidanmu ne. Aski, ƙaho, tsagar Gobirawa, duk ina yi, amma kurkunu ne ya sa aka san ni har ƙauyukan da ke kewaye. Abin da mahaifina ya koya mini shi ne, in bororo ya fashe ka tura mai ciwo tabki ya tsoma ƙafa, sanyin ruwa zai sa tsutsa ta leƙo, sannan ka kama kanta. Da damina kafin in fito daga sallar asuba zaurena ya cika. Ana kawo mini ƙwai da ɗan hatsi, amma ba shi ne ya fi mini daɗi ba. Abin da ya fi mini daɗi shi ne in ji dattijo mai furfura yana cewa, "Bawa, taimake ni."

Ina da taubashi, Nomau, ɗan ƙanwar mahaifina. Na girme shi da shekara biyu. Mutum ne mai sanyin magana, wanda ko kunyar noma ya ja sai ta karkace. Abu ɗaya ya fi ni da shi: ya yi shekara uku a makarantar boko a Isa lokacin da aka kai shi riƙo, ya iya rubuta suna.

Wata shekara, bayan ruwan farko ya sauka tabki ya ɗauki ruwa, ma'aikatan lafiya suka zo daga Isa, maza biyu da mace ɗaya. Aka tara mu gindin tsamiyar ƙofar Maigari. Babbansu ya sa aka ɗebo ruwan tabki a kwalba, ya ɗaga ta ga rana, ya ba mu wani gilashi mai ƙara girman abu muna dubawa ɗaya bayan ɗaya. Na duba, kuma ba za ni yi ƙarya ba, na ga wasu ƙananan ƙwari suna tsalle a cikin ruwan da muke dama fura da shi. Ya ce a cikinsu ɗiyan kurkunu suke. Ya zuba ruwan ta cikin wani farin ƙyalle mai laushi, ƙwarin suka tsaya a sama, ruwan ya wuce tas. Sannan ya ce duk mai kurkunu kada ya sa ƙafa a tabki, don a nan tsutsar take zubar da ɗiyanta, wasu su sha.

Da ya faɗi haka sai na ga kawuna suna juyowa wajena. 

Daga nan suka ce suna son mutum ɗaya a gari wanda zai riƙa bi gida-gida yana koya wa mutane, ya raba ƙyallen, ya rubuta sunan duk wanda ciwon ya fito wa. Na gyara hulata. Maigari ma ni ya duba. Wa ya san kurkunu a garin nan in ba ni ba? Sai matar ta tambaya ko akwai wanda ya iya rubutu, wani daga baya ya ce, "Nomau ya iya." A gabana aka ba shi jaka, da damin ƙyallaye, da alkawarin keke. Bayan mako biyu keken ya iso, baƙi, da ƙararrawa.

Ƙararrawar nan ta hana ni sukuni. Ko aski nake yi na ji ta daga nesa sai hannuna ya yi nauyi. Mutanen da jiya suke cewa "bari mu tambayi Bawa" suka koma "Nomau ya ce". Nomau ya ce a tace. Nomau ya ce a wanke ƙyalle a shanya. Matarsa Hajo kuma tana bin mata cikin gida tana nuna musu yadda ake ɗaure shi a bakin tulu. Har matata Kulu na tarar ta ɗaure namu a bakin randa. Na ji haushi, kuma na san hassada ce, tun a lokacin na sani.

Sai ga noman farko ya zo, kurkunu ya fito kamar kowace shekara. Masu tacewa da marasa tacewa, bai bar kowa ba. Abin da ya fi faranta mini rai, shi kansa Nomau ya fito masa a idon sawu. Ka gan shi kan keke yana tuƙi da ƙafa ɗaya, ɗayar a ɗaure tana lilo. Ranar Juma'a bayan an sauko na tare shi gaban jama'a.

"Likita, ina ƙyallen? Ko ta ƙarƙashi yab bi?"

Ya yi murmushi. "Bawa, wanga ba na bana ba na. Ruwan bara na. Sun ce shekara guda shika yi cikin jikin mutum kahin shi hito. Wanda yat tace bana, baɗi shika ganin amfani."

"Shekara guda? Kurkunu na ko jaka mai ciki?"

Aka fashe da dariya, har liman sai da ya rufe baki da hannun riga. Ranar na koma gida kamar an naɗa ni sarauta. Na kwance ƙyallen daga bakin randa na mai da shi abin goge aska. Ban tsaya nan ba. Duk ranar da muka taso daga gona muka biyo ta tabki, in dai da mutane, sai in durƙusa in kamfata da hannu biyu in sha, in ce kakanninmu da suka sha wannan ruwa sun fi mu ƙarfi. Wani lokaci ma ba na jin ƙishirwa. Gidaje kaɗan suka bi ni suka watsar da tacewa, zaurena ya sake cika, na ɗauka magana ta ƙare.

Daminar ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke hatsi yana cikin fitar da kai, zangarniya ta fito rabi ido rabi ƙaiƙayi. Abin da na sa a rumbu ko rabin na kullum bai kai ba. Kafin bazara ta kai tsakiya muna jin ƙasan rumbun da hannu. Kulu ta koma dafa tuwo sau ɗaya a yini, tana haɗa garin da dusa don ya yi auki. Da safe ruwan fura ne tsararo, yaranmu biyu su sha su lashe ludayi. Na sayar da akuyarmu. Zafin bazarar kuwa, da azahar ko kaji ba sa fitowa daga ƙarƙashin rumbu, hadari ya haɗo gabas ya yi baƙi, iska ta watsa shi, mu kwana cikin gumi. Kulu tana da tsohon ciki. Irin shuka ta zuba shi a tulu ta liƙe bakin da laka, ta ce ko ita ta zo buɗewa in hana ta.

Ruwan ya zo wata ranar Talata da la'asar, da iska mai ɗaga rufin bukka. Ƙasa ta sha har ta ƙoshi. Da gari ya waye muka fasa lakar tulun, ina gaba da sungumi ina sara, Kulu tana baya tana zuba iri tana rufewa da diddige, tana tsayawa tana dafe ƙugu. Kwana huɗu shuka ta fito, ba gurbi ko ɗaya. Na tsaya bakin gona na ce, in Allah ya yarda bana mun fita. Abin da ya rage kawai in yi noman farko a kan lokaci, don a ƙasarmu in ciyawa ta riga ka da mako biyu, ka yi sallama da hatsin.

Kwana tara da shuka na ji idon sawuna na dama yana ƙaiƙayi. Na ce sauro ne. Da yamma zazzaɓi ya rufe ni. Kashegari na ga bororo, kuma ba mai gaya mini ko mene ne. Kafin kwana uku wani ya taso a ƙafar hagu, na uku a bayan gwiwa, inda ko ganinsa ba na iya yi.

Na sha gaya wa mutane su yi haƙuri da zafin kurkunu. Ban san abin da nake faɗa ba. Rana ta huɗu da tsakar rana na kasa daurewa, na ɗauki sanda na ja jiki zuwa tabki, ba abin da nake so a duniya sai in tsoma ƙafafun nan a ruwa. Na zaɓi lokacin ne don na san kowa yana gona. Ashe Nomau ya jera itace da duwatsu a mashiga don a riƙa ɗiba ba tare da an shiga ba, kuma shi da wasu suna karɓa-karɓar zama gindin wata bagaruwa suna tsaro. Ranar shi ne a wurin.

Ya dubi sandata, ya dubi ƙafafuna. Na jira dariya. Da ni ne da na yi.

"Sannu, Bawa," ya ce. "Zamna nan inuwa."

"Kauce ka ba ni wuri."

"Ba ka shiga tabkin ga."

"Tabkin ubanka na?"

"Na kawuna na, mahaihinka, da ɗiyanka da ɗiyana. Zamna, ni kawo ma ruwan."

Ƙafafuna ne suka yanke hukunci, suka ƙi ɗaukata. Na zube gindin bagaruwar. Ya ɗebo ruwa a bokiti ya kawo, ya kama ƙafata da hannunsa ya sa a ciki. Sanyin ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa, hawaye suka zubo mini ban shirya ba. Muna kallo tsutsar ta leƙo, wani abu fari kamar nono ya fita daga gare ta ya bazu cikin ruwan. Nomau ya nuna da yatsa. "Ka gani? Su na ɗiyan." Na sha ganin farin abin nan shekara da shekaru a bakin tabki, ban taɓa tambayar ko mene ne ba. Ya ɗauki bokitin ya yi tafiya mai nisa cikin rana ya zubar a kan tudu. Sannan ya ɗora ni a bayan keken da na tsana ya tura ni har gida.

Ya ce zai riƙa zuwa yana wanke mini yana ɗaurewa. Na ce ba na so, ni ne wanzami. Na naɗe ta dama a tsinke da kaina. Amma hankalina yana gona. Kulu ta je ta dawo ta ce ciyawar harkiya ta fara rufe hatsi. Da na ji haka, ni da na yi shekaru ina hana mutane gaggawa, sai na ƙara juyi biyu a kan na ƙa'ida. Na ji ta tsinke. Kafin kwana biyu ƙafar ta zama kamar turmi.

Daga nan sai kwanciya a zaure. Ruwa yana sauka kwana biyu-biyu, irin ruwan da manomi yake roƙo, ni kuwa kowane ɗigo a kan rufi ciyawa nake ji tana tsawo. Kulu ta ɗauki hauya ta je safiya biyu, ta dawo ba ta iya miƙewa, na hana ta. Ta ce hatsin ya fara yin rawaya. Abincinmu ya koma tafasa da take tsinkowa bayan gida ta dafa da ɗan gishiri. In kira gayya? Mai gayya shi ke ciyar da mutane fura, mu kuwa ko ta yara ba mu da ita. Kuma da wane baki za ni roƙi mutanen da na sa suka yi wa Nomau dariya?

Ina kwance ina lura da wani abu. Lokacin kurkunu ne, amma hanya cike take da maza masu hauya a kafaɗa. Waɗanda suka kwanta ba su da yawa, kuma na san gidajensu: su ne suka bi maganata. Ko ɗaya bai aiko a kira ni ba. A gidana ma ni kaɗai ne. Kulu lafiya, yara lafiya.

Da Kulu ta kawo mini tafasa na tambaye ta yadda aka yi haka. Ta shiga ɗaki ta fito da wani farin ƙyalle, an wanke shi har ya fara sirancewa.

"Ran da kac cire wancan, Hajo ta ba ni wani," ta ce. "In ka hita nika tacewa in ɓoye. Malam, duk ruwan da kash sha cikin gidan ga shekara guda tatacce na. Wanga da ka gani, na ruwan da kad durƙusa kash sha don mutane su gani na."

 Abin kunya, ba godiya ce ta fara zo mini ba. Abin da ya fara zo mini shi ne, ashe shekara guda matata tana cikin gidana tana bin maganar Nomau.

Kwana biyu bayan haka, da sassafe, na ji gangar noma. Na kasa kunne. Daga arewa take, wajen gonata. Kulu ta leƙo ta ce Nomau ya bi gida-gida jiya, kowane gida ya ba da ɗan abin da ya samu, Hajo da mata sun dama fura, maza sun fita. Ta ce ta leƙa ta gan su sun jeru daga wannan iyaka zuwa waccan. A da, a irin wannan lokaci, ko Maigari ya kira gayya ba ya samun maza goma masu ƙafa biyu lafiya.

Iska tana kawo mini kiɗan sarai. Al'adar makaɗin noma ce ya wasa mai gona tukuna, ya kira ubansa da kakansa. Ya kira ni, sau ɗaya, a gurguje. Daga nan har rana ta take, sunan Nomau nake ji. Nomau, wanda kunyarsa ba ta taɓa miƙewa ba, shi ake yi wa kirari a gonar da na gada, maza suna amsawa. Ina kwance ƙudaje suna bin ƙafata, ana ceton abincin 'ya'yana, ni kuwa zuciyata tana tafasa. Na roƙi Allah ya cire mini abin, bai fita ba. Kafin azahar suka gama.

Da la'asar ya shigo zaure da laka har gwiwa, da jakarsa. Bai tambaye ni ba wannan karon, ni ma ban hana shi ba. Ya wanke ƙafar da ruwan ɗumi, ya sa magani, ya ɗaure. Ta bayan gwiwa shi ya naɗe ta, amma sai da na nuna masa yadda ake riƙe tsinken, don bai saba ba. Haka ya riƙa zuwa kowace safiya har marka ta shigo, ruwa yana yini yana zuba, danshi ya kama tabarma. Maimai ma, noma na biyu, su suka yi mini. Ranar da na fara takawa ba sanda, hatsi ya fi ni tsawo. Kulu ta haihu mako guda kafin a fara gasa tumu.

Ban taɓa samun hatsi a gonar nan kamar na shekarar ba. Rumbu ya cika har na aro wuri a na maƙwabci. Bayan an gama ɗauri na zaɓi dami mafi kyau na ɗora a ka, ina ɗingishi, na kai ƙofar Nomau. A hanya na shirya maganar da za ni faɗa. Da na sauke damin sai ta maƙale.

Ya dubi damin, ya dube ni, ya yi dariyarsa ta taubashi.

"Ni ya kamata in kawo ma, Bawa. Shekara guda nika yawo bisa keke, bakina har ya bushe, wasu na ji wasu ba su ji. Kai ko wata biyu kay yi kwance, duk wanda yab biyo ta zaurenka yag ga ƙahwar nan, gida shika zuwa shi nemi ƙyalle. Yanzu har na ƙauyuka aikowa sukai."

Na ce masa Allah ya shirye shi, na juyo. Ban ce ya yi gaskiya ba, ranar ko bayanta.

Shekarar da ta biyo mutum uku kurkunu ya kama a garinmu. Bayan wasu shekaru ya ɓace ɗungum, tsinkayena suka zama na sakace. Daga baya aka haƙa rijiyar burtsatse, tabki ya zama na shanu.

Nomau ya rasu shekara huɗu da suka wuce, da rani. Ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Da aka gama rufewa Maigari ya ce, wannan bawan Allah shi ya raba garin nan da kurkunu, shi ya sa muke noma da ƙafafunmu. Jama'a suka amsa, na amsa tare da su, kuma da gaske na amsa, don ba wanda ya fi ni sanin haka. Na yi kukansa fiye da yadda na yi na wasu 'yan'uwana na ciki ɗaya. Amma muna dawowa daga maƙabarta, ƙasar kabarinsa ba ta ma bushe a hannuna ba, na kama kaina ina tunanin abin da za a faɗa ranar tawa. Na juya shi ta kowace fuska har na iso gida. Za a ce Bawa ya iya aski.